Shin Bilic Kaɗai Ya Isa Ga Wurin da Kare Ya Ɓata?

Auta: Assalamu alaikum. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya hana ni sakat kwana biyu. Ɗan kwikwiyon da na karɓa, wanda yanzu watansa huɗu, ya mayar da kusurwa ɗaya ta falo wurin fitsarinsa, daidai inda bakin kafet ya haɗu da tayil. Duk lokacin da ya yi, nakan tsiyaya bilic, wato ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta da sa tufafi su yi fari, a kai in goge da tsumma har sai na daina jin zarni, amma kafin gari ya waye ya sake komawa wurin. Baffa ya taɓa gaya mini cewa bilic kaɗai ya isa ga kowace irin ƙazantar kare, fitsari ne ko kashi ko amai, kuma da maganarsa nake aiki. To me ya sa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa?

Baffa: Wa alaikumus salam, Auta. Na faɗa, kuma har gobe ina nan a kan bakana, domin ban faɗi maganar da ka ba, sai da na ga abin da na gani. Shekarun baya 'yan kwikwiyo biyu suka mutu a hannuna cikin mako guda, da amai da gudawar jini, kuma likitan dabbobi ya tabbatar mini cutar fabo ce, wato parvovirus, wata cuta mai yaɗuwa da ke kama hanjin karnuka. Wannan cuta ta bayyana a jikin karnuka ne a 1978, kuma abin da ya sa ake tsoronta shi ne ƙwayarta tana iya zama da rai watanni a daɓe da ƙasa da kwanon abinci, alhali yawancin ruwan goge-goge masu ƙamshi ba sa yi mata komai. Abin da aka umarce ni da shi shi ne in haɗa bilic ma'auni 1 da ruwa ma'auni 30, in jiƙa wurin, in bar shi minti 10 kafin in ɗauraye. Da haka na wanke gidan, kuma kwikwiyon da na kawo daga baya ya girma lafiya. Idan naki yana komawa kusurwar, to horo ne bai samu ba, laifin ba na bilic ba ne.

Malama: Baffa, Allah ya ƙara girma, ban musa ko ɗaya daga abin da ka faɗa a kan fabo ba. Inda muka rabu shi ne kalmar "kaɗai". Kashe ƙwayar cuta aiki ne daban, kawar da abin da ke kiran kare ya dawo wurin kuma aiki ne daban, kuma Auta ta auna nasararta da hancin da bai dace ba. Hancinmu yana da 'yan miliyoyin ƙwayoyin shaƙar wari, na kare kuwa ɗaruruwan miliyoyi ne, saboda haka wurin da ta daina jin zarninsa, shi a wurinsa yana nan yana shelar cewa nan ne makewayi. Kuma a kan kafet bilic iyakarsa sama, ya ci launi ya bar fari, fitsarin da ya nutse ƙasa yana nan inda yake.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne yadda take tsiyaya shi kai tsaye a kan fitsari. Fitsarin da ya ɗan jima yana sakin amoniya, ita ce zarnin da muke ji, kuma idan amoniya ta haɗu da bilic sai su ba da wata iska mai guba da ake kira kuloramin. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure a wani ƙaramin banɗaki da karyata ta kwana a ciki. Na tarar da fitsari kwance a bayan ƙofa, na zuba bilic ba tare da na sirka ba, na durƙusa zan goge, sai idona ya ɗauki yaji, hawaye na zuba, maƙogwarona ya shaƙe, da kyar na lalubi ƙofa na fita ina tari. Kare kuma hancinsa a ƙasa yake, ya fi mu kusa da abin.

Baffa: Malama, wannan ai rashin bin ƙa'ida ne. Ban taɓa cewa a zuba shi tsagwaronsa a rufaffen ɗaki ba.

Malama: Gaskiya ne ba ka faɗa ba, Baffa, amma wanda aka ce wa abu ɗaya ya isa, ba zai tsaya neman matakin da ke gabansa ba, kuma ga Auta nan shaida. Ko a aikin da ka yabe shi a kai, bilic ba ya tsayawa da ƙafarsa. Kashi da amai da datti suna cinye ƙarfinsa kafin ya kai ga ƙwayar cutar, shi ya sa dole a fara kwashe ƙazantar, a wanke da ruwa da sabulu, a ɗauraye, sannan a zo kansa. Haɗin bilic da ruwan ma ba ya kwana da ƙarfinsa, sai an yi sabo kullum, da ruwan sanyi, tagogi a buɗe, kare kuma a waje har wurin ya bushe.

Yaya: Ku ba ni dama in yi magana a kan kafet, domin a ganina can matsalar take, ba a kan tayil ba. Auta, je ki ɗaga bakin kafet ɗin ki duba bayansa. Lokacin da na yi haka a ɗakina, tabon da nake gani a sama bai fi tafin hannu ba, amma a ƙasa ya yi faɗin faranti, ya yi zobe-zobe masu ruwan ɗorawa, wani a kan wani, kowane zobe na rana daban, har sosan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kafet ya yi tauri. Wata uku ina goge sama ina ganin na gama.

Abin da ya yi mini magani shi ne ruwan wankin nan mai inzayim, wato sinadarin da ke narkar da ƙazanta, da ake yi musamman domin ƙazantar dabbobi, wanda yake narkar da ragowar fitsarin maimakon ya rufe warinsa da ƙamshi. Amma yana son haƙuri. Idan fitsarin sabo ne, a shimfiɗa tsumma mai kauri a taka da ƙafa ya tsotse, a canza wani, har sai tsumman ya daina jiƙewa. Kada a dirza, domin dirzawa tana tura shi ciki ne tana faɗaɗa tabon. Daga nan a zuba ruwan inzayim ɗin da yawa yadda zai kai duk inda fitsarin ya kai, har ya zarce bakin tabon, a bar shi da danshinsa gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin robar, sannan a tsane a bar iska ta busar. Ruwan zafi da injin tururi kuma a nisance su a wannan mataki, domin zafi yana kama tabon da warin ya zaunar da su a cikin zare. Wanda yake son ya ga tsofaffin wuraren da ido ba ya gani, akwai 'yar tocila mai hasken UV, wato wani haske na musamman mai shuɗi-shuɗi, idan aka kashe fitila aka haska, busasshen fitsari yakan yi ƙyalli.

Baffa: Na ji, kuma ban raina ba. Amma ku amsa mini wannan: ruwan inzayim ɗin naku yana kashe fabo? Yana kashe ƙwayar cutar lefto, wato leptospirosis, wadda ta fitsarin dabba take yaɗuwa, kuma tana kama mutum ta rauni a fata ko ta ido da baki? Ba ya yi. Ni tsorona shi ne mutane su bi wari su manta da cuta, su ga ɗaki ya daina zarni su ɗauka lafiya ta samu.

Anti: Baffa, tsoronka yana kan hanya, ni ma da yaro mai rarrafe a gida ba na wasa da wannan, kuma ba na taɓa ƙazantar kare sai da safar hannu. Sai dai akwai abin da ya kamata a sani, wanda ya sa ni ma ba zan yarda da "kaɗai" ba. Ƙwan tsutsar cikin kare, wadda ake kira tokzokara, bilic ba ya kashe shi. 'Yan kwikwiyo da yawa da ita ake haihuwarsu, suna ɗauka tun a cikin uwa, kuma idan yaro ya haɗiye ƙwan ta hannu mai datti, tsutsar tana iya yawo a jikinsa har ta taɓa ido. Sauƙin da ke ciki shi ne ƙwan ba ya iya kama mutum ranar da ya fito, sai ya yi kamar mako 2 zuwa 4 a waje. Ke nan maganinsa shi ne a kwashe kashi da leda tun yana sabo, a ƙulle a jefar, a wanke wurin da hannuwa, a kuma riƙa ba kwikwiyon maganin tsutsa yadda likita ya tsara. Wanda ya bar kashi ya kwana biyu a lungu yana dogaro da cewa zai zo ya watsa bilic, ya bar abin da ya fi muhimmanci.

Auta: Na gode ƙwarai. Wata ta ce mini in gwada ruwan khal, wato binega, da bekin soda. Zan iya haɗa su da bilic ɗin don ya ƙara ƙarfi?

Malama: A'a, Auta, ko kusa kada ki yi. Khal da bilic suna ba da iskar kulorin, wadda take ƙona huhu. Khal da soda kuma idan aka gauraya su a kwano ɗaya kumfa kawai za ki gani, domin kowanne yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Idan za ki yi amfani da su, ki fara da khal da aka sirka da ruwa, ki tsane, sannan ki barbaɗa soda a bar ta ta bushe a share. Suna rage wari, amma ba su kai inzayim ba, kuma khal yana cin daɓen mabul. Shi ma ruwan inzayim kada ya haɗu da bilic, domin bilic yana lalata shi. Duk ruwan goge-gogen da ke da amoniya kuma ki ajiye shi gefe, warinsa na fitsari ne a hancin kare.

Baffa: To, na janye kalmar "kaɗai", tunda ita ce ta jawo Auta ta yi abin da zai cutar da ita. Amma ban janye cewa duk ranar da kare ya yi gudawa ko amai, bayan an wanke, sai an bi daɓen da bilic ba, kuma ban janye maganar horo ba. Kwikwiyo ɗan wata huɗu ba ya iya riƙe fitsari dogon lokaci, abin da aka saba ƙiyastawa shi ne kamar awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa. Ki fitar da shi da ya tashi daga barci, da bayan ya ci, da bayan wasa, da kafin ki kwanta, ki yaba masa nan take idan ya yi a inda kike so. Idan ya yi a cikin gida, kada ki cusa hancinsa a cikin fitsarin ko ki doke shi, abin da zai koya kawai shi ne ya ɓuya miki ya yi a bayan kujera. Idan kuma kika ga yana yi kaɗan-kaɗan a kai a kai, ko yana yunƙuri, ko da jini, ki kai shi asibitin dabbobi, domin ciwon mafitsara yana kawo haka. Kafet ɗin kuwa, ni shawarata ki naɗe shi ki fitar, ba ya wankuwa.

Yaya: A nan kuma ban bi ka ba, Baffa. Da fabo ce ta shiga gidan, da ni zan fara cewa a yar da shi, tunda ba a iya jiƙa shi da bilic. Amma fitsarin 'yan makonni na lafiyayyen kwikwiyo yana fita, nawa ya fita.

Auta: Na ɗaga yanzu, Yaya, kuma kamar yadda ka faɗa ne. Bayansa ya yi zobba har uku, sosan ƙasan yana da danshi, kuma tsakanin tayil ɗin ya yi baƙi.

Yaya: To ki yanke wannan ɓangaren sosan ki jefar, shi ba ya ceto. Ki jiƙa kafet ɗin da ruwan inzayim ta sama da ta baya, ki bi tsakanin tayil ɗin da buroshi, ki jingine bakin a kan kujera fanka na kaɗa shi, kuma kada ki mayar sai ya bushe ƙarau. Kafin nan ki tare kusurwar da wani abu yadda kwikwiyon ba zai kai gare ta ba.