Wai da gaske Pentagon ta amsa cewa baƙi daga wata duniya na zuwa?

Ɗan Auta: Jama'a, magana ta ƙare fa. Ma'aikatar tsaron Amurka, wato Pentagon, da kanta ta saki bidiyo uku na wasu abubuwa masu tashi a sama a Afrilun 2020, matuƙan jiragen yaƙinta suka ɗauka. Baƙi ne daga wata duniya, sun amsa.

Injiniya: Auta, sassauta. Abin da suka amsa shi ne bidiyon nasu ne, kuma ba su gane abin da ke ciki ba. Kai ka ƙara sauran.

Ɗan Auta: To Yaya, David Fravor fa? Matuƙin jirgin yaƙi ne, kwamanda guda a sojan ruwan Amurka. A Nuwamban 2004 ya tashi daga Nimitz, jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen yaƙi, a tekun San Diego, ya ga wani farin abu mai tsawon kusan ƙafa 40, ba fiffike ba hayaƙi, yana shawagi saman ruwa. Yana nufarsa ya ɓace ɓat. Su huɗu suka gani da idonsu. Ya sake faɗa gaban majalisa a Yulin 2023, bayan ya yi rantsuwa.

Hajiya: Ni tun farko aljanu na ce. Ku ne kuke wahalar da kanku.

Injiniya: Hajiya, Allah ya ƙara girma, aljanin da na'urar rada ke kamawa ai ya yi sake. Mu ɗauki bidiyon GoFast na 2015, ɗaya daga cikin ukun nan, wanda abin ke sheƙa gudu kamar zai taɓa ruwa. Da aka yi lissafi da lambobin da ke jikin allon, sai ga shi yana can sama wajen ƙafa 13,000, kuma tafiyarsa ba ta kai yadda ido ke gani ba. Jirgin da ke ɗaukar hoton ne ke gudu. Kamar yaro a mota da dare, ya rantse wata na binsa.

Ɗan Auta: Rahoton da hukumomin leƙen asirin Amurka suka fitar a Yunin 2021 kuma? Cikin irin waɗannan abubuwa 144 da aka ba da rahoton gani, ɗaya tak suka iya bayani.

Injiniya: Ɗayan kuma balan-balan ne da iska ke fita. Sauran, yawanci bayanan da aka tara ne ba su isa a yanke hukunci ba.

Kawu: Ku yara ba ku san halin gwamnati ba. A shekarun 1950 mutane sun yi ta ganin abu na ƙyalli can ƙololuwa, ashe U-2 ne, jirgin leƙen asirinsu, suka yi gum. Ni na fi zargin kayan leƙen asiri, nasu ko na wasu. Balan-balan ɗin Sin da suka harbo a Fabrairun 2023 ba daga duniyar Mars ya zo ba.

Ɗan Auta: Kawu, duk kun kewaye Fravor.

Injiniya: Gaskiyarka, nasa ban da amsa. Amma bidiyon ranar ba shi ya ɗauka ba, wani matuƙi ne da ya tashi bayansa, kuma ɗigo ne dishi-dishi. Kawo mana hoto ɗaya tangararan, ni zan fara ba ka haƙuri.

Hajiya: Kafin ya kawo, ina nan a kan aljanuna.