Sahu takwas ko dawaki biyar a kuiɓi? Gardamar fadar Yantala

Sarkin Mashi: Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare an ga abin da aka gani, to in faɗa a gaban kowa: a wasan Warhammer, wasan yaƙin ƴan sojojin roba da ake bugawa a kan tebur, runduna guda mai zurfi ta fi tarkacen ƙananan runduna goma. Na jera ƴan mashi 40, biyar a kowane sahu, sahu takwas. Barde ya zagayo da mahayansa biyar ya soke ni a kuiɓi, yana ta murmushi kamar ya ci gari. Me ya faru? Ko gezau. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Duk wannan kewaye-kewaye da kuke kira dabara, wahalar da kai ne.

Barde: Wa alaikumus salam. Yaya, ka faɗi rabin labari ka haɗiye rabi. Ka gaya musu a wace doka muka buga. Bugu na 8 ne na littafin dokar wasan, na 2010, wanda aka yi shi domin masu tara jama'a irinka. Da a bugu na 7 ne, na 2006, mahaya biyar ɗin nan sun isa su soke maka ladan sahu, wato makin da ake ƙara maka saboda yawan sahu, gaba ɗaya, da yanzu kana tsintar ƴan mashinka a ƙarƙashin tebur.

Mai Shayi: Ni dai abin da na gani, an bar mini shayi na biyu ya huce ana auna inci da tef ɗin tela.

Malamin Lissafi: Ku bari mu ƙirga makin faɗan, don gardamar da babu alƙalami ba ta ƙarewa. Kafin a kashe ko mutum ɗaya, Sarkin Mashi yana da 3 na sahu, wanda shi ne iyaka ko sahunsa ashirin ne, da 1 na tuta. Huɗu ke nan. Barde yana da 1 na kai farmaki, 1 na kuiɓi, 1 na tuta. Uku. Mahaya suka kashe huɗu, ya zama bakwai. Ƴan mashi suka kayar da mahayi ɗaya, ya zama biyar. Wato Sarkin Mashi ya sha kaye da biyu, wannan bai faɗa ba. Ƙarfin zuciyar sojojinsa, lambar da ake gwadawa a ga ko za su tsaya ko su gudu, 7 ne. In babu gatan yawan sahu, kamar a tsohuwar doka, sai a cire biyun nan, ya nemi 5 ko ƙasa da haka da ƴan lido biyu: hanya 10 cikin 36. A bugu na 8, tunda sahunsa ya fi na abokin gaba yawa, ba a cire masa komai, ya nemi 7 ko ƙasa da haka: hanya 21 cikin 36. In kuma janar ɗinsa mai ƙarfin zuciya 9 yana cikin inci 12 kusa da shi, 30 cikin 36. Jiya ya jefa shida. Shida ta tsayar da shi a sabuwar doka, a tsohuwa kuwa gudu ne.

Sarkin Mashi: Malam, ai ka gama mini aiki. Doka ce ta ba ni, ba sata na yi ba.

Malamin Lissafi: Na ce ka tsaya, ban ce ka ci ba. Hanya 15 cikin 36 ɗin da suka rage, da ɗaya ta fito, mutum 40 sun juya baya saboda mutum biyar, dawaki na bin su.

Ɗan Ader: Ku gahwarce ni, ni daga Tahoua nike bin zancen ga, kuma dara na sani tun ina yaro kahin in ga waɗanga ƴan sojojin roba. Ga dara, wanda ya cushe ƴaƴanai wuri guda shina ganin ya yi katanga, amma in an toshe mai hanya sai ya rasa inda za shi matsa. Haka na gani ga wasan ga. Tambayata guda ga Sarkin Mashi: cikin zagaye shida na wasa, sau nawa rundunar taka ta yi hwaɗa da abin da ya kai ta daraja?

Barde: Allah ya biya ka, Ɗan Ader! Sau ɗaya. Kuma da mahayana biyar.

Ɗan Ader: To shi ke nan. Kai ka zuba rabin dukiyarka cikin rumbu guda, shi ko ya riƙe rumbun da ɗan abin da bai kai kwata ba.

Kawu: Yara, bari in sa baki, tunda ni na shigo muku da wannan fitina a cikin jaka. Abin da Ɗan Ader ya taɓo shi ne asalin maganar, ba ƴan lido ba. Tebur ƙafa 6 ne da 4, ana fara wasa da tazarar inci 24 a tsakani. Ɗan ƙasa yana tafiya inci 4, in ya yi sauri 8. Runduna ba ta ganin komai sai abin da ke gabanta, cikin kusurwa mai digiri 90, ba ta kai farmaki ga abin da ba ta gani. Yanzu ka ɗauki karnuka biyar ko ƴan doki marasa sulke, abu mai arha, ka ajiye su inci ɗaya a gaban hancinta, a karkace. Zaɓi biyu gare ta. Ta tsaya, ta yi asarar zagaye. Ko ta afka musu, dole ta daidaita fuskarta da tasu, ta karkace ita ma, ta buɗe kuiɓinta ga wanda ke jira. Ka yi mata haka sau biyu, wasa ya kusa ƙarewa, mutum 40 sun wuni suna korar karnuka. Na ga an yi wa wadanni haka, su da ƙafarsu inci 3 ce, har tausayi suka ba ni. Ban da igwa da majajjawar dutse, waɗanda babu abin da suke so kamar jama'a a cushe.

Sarkin Mashi: Kawu, da girmanka, amma wa ya ce zan bar kuiɓina tsirara? Gefe ɗaya bakin tebur ne, babu mai zagayowa ta can. Ɗaya gefen in sa ƴan baka su harbe karnukan naka tun daga nesa.

Kawu: Madalla. Ƴan baka a gefe, bakin tebur a gefe, janar cikin inci 12. Ɗana, ka lura runduna nawa ka ambata yanzu? Kai da ka ce guda ta isa.

Mai Shayi: Kawu ya yi masa ƙafa irin ta ƴan kokowa, ko ƙura bai tayar ba.

Na Harobanda: Ni ina bayan Sarkin Mashi, ko don in ɓata wa Bagobiri rai. Barde, ku da dawaki ai tsohon zance ne. A Tabkin Kwatto, 1804, Yunfa ya zo da ƴan lifidi, ƴan baka a ƙasa suka tsaya masa. Yau ma ga shi an maimaita a kan ƙyauren ƙofar da muka sayo a Katako.

Barde: Bazabarme, kai da ko doki ba ka iya hawa sai kwalekwale! Bari in ba ka naka tarihin. A yaƙin Cannae, a Italiya, shekara 216 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa sun fi yawa, suka yi sahu mai zurfi irin na yayana. Hannibal, janar ɗin da ke yaƙar su, ya bar tsakiyarsa tana ja da baya, ya rufe su ta gefe biyu, dawakinsa suka zo ta ƙeya. Zurfin nan shi ya zama kabarinsu, na tsakiya ko takobi ba su iya ɗagawa.

Malamin Lissafi: Ku biyun kuna jan tarihi kamar roba. Wasan nan kamfanin Games Workshop na Nottingham ne ya fito da shi a 1983, kuma kowane bugu da abin da yake fifitawa. Ku duba Kings of War na kamfanin Mantic: can wanda ya shigo ta kuiɓi ana ninka masa sara biyu, ta baya uku. A wannan wasan Sarkin Mashi ba zai ma fara wannan magana ba. Ko a bugu na 8 ɗin, in yawancin rundunarka na cikin kurmi, ko ƙafarta ta taɓa kogi, gatan nan na yawan sahu ya tafi.

Uwar Fenti: Abin da ba wanda ya faɗa: jiya tebur ɗin fili ne fetal kamar filin idi. Bishiyoyin da na yi da soson wanki da waya suna cikin kwali, an ce wai suna tare hanya. Wa ya ce a cire su? Kuma ƴan mashin nan 40, goma sha biyu ne kawai na gaske, sauran marfin kwalba ne da na manna wa tsinken tsire. Ni na san zafin da na sha, gam yana narkewa a hannuna da rana tsaka.

Sarkin Mashi: Anti, ni ban ce a cire ba, cewa na yi wurin ya yi ƙunci.

Barde: Ƙunci ga wa? Dawakina ba su yi kuka ba.

Sarkin Mashi: To na ji. Na yarda runduna mai zurfi tana son masu tsaron gefe. Amma ban janye ba: ku kawo duk karnukanku, a ƙarshe dole wani ya zo ya tsaya gaba da gaba da mutum 40, kuma cikinku babu mai abin da zai tsaya.

Ɗan Ader: Ba dole ba ne. Ana ƙirga maki ga ƙarshe, ba a tambaya wa ya hi jarumta. In ya cinye maka ƴan baka da igwa da janar, ya bar ka da rumbunka, wa ya ci?

Kawu: Asabar bayan la'asar, a gidana. Sojojin jiya, dokar jiya, kada kowa ya ƙara ko marfi ɗaya. Amma Uwar Fenti ce za ta shirya fili, kurmi biyu da kogi, kuma ba mai taɓa mata bishiya.

Sarkin Mashi: Kogin dai kada a sa shi a tsakiya.

Uwar Fenti: Na riga na yanka shuɗin leda, tsawonsa ƙafa huɗu.

Mai Shayi: Wanda ya sha kaye shi zai sayi sukari da gawayi.