Na sa hannu a takardar sulhu kan ƙarar injina, ko zan iya ɗaukaka ƙara?

Mai injin niƙa, Agege:
Assalamu alaikum. Ina da injin markaɗe a ƙofar gidan da nake haya, kuma maƙwabcina ya kai ni Babbar Kotun Jihar Legas da ke Ikeja saboda ƙarar injin da ta janareta. Lauyoyinmu sun shirya takardar sulhu, muka sa hannu, alƙali ya mayar da ita hukunci: ba zan tayar da inji ba sai ƙarfe takwas na safe. Sai daga baya na gane cewa na yanke wa kaina hanyar abinci, domin masu ƙosai da masu abincin sayarwa tun bayan sallar asuba suke jera bokitansu na wake da tattasai, yanzu kuwa duk sun koma wani layi. Makonni biyar ke nan. Shin ina da damar ɗaukaka ƙara?

Wani lauya, Obalende:
Wa alaikumus salam, Malam. Ƙofar ba a rufe take ba, amma ƙunci gare ta. Sashe na 241(2)(c) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce hukuncin da Babbar Kotu ta yanke bisa yardar ɓangarorin biyu ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai da izinin ita kotun ko na Kotun Ɗaukaka Ƙara. Wa'adin ɗaukaka ƙara kan hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba wata uku ne, saboda haka kwanakinka suna tafiya.

Sai dai in gaya maka gaskiya, raguwar ciniki ba hujja ba ce, domin alƙali bai auna shaida ba balle a ce ya yi kuskure. Abin da kuka kawo masa ya tabbatar. Abin da ke rushe irin wannan hukunci shi ne a nuna cewa yardar kanta gurɓatacciya ce, wato an yi zamba, ko tilastawa, ko an ɓoye maka gaskiya, ko kuskure ya shiga ainihin abin da aka amince da shi. Wannan kuwa galibi sabuwar ƙara ake shigarwa a kansa, inda za a saurari shaidu. An karanta maka takardar da harshen da kake ji kafin ka sa hannu?

Mai injin niƙa, Agege:
An karanta mini, Barista, har an fassara da Hausa. Gajiya da zaryar kotu ce ta sa na amince.

Wata 'yar kasuwa, Idi-Araba:
To Malam, tunda haka ne, kada ka zuba kuɗinka a rijiya. Kada kuma ka kuskura ka tayar da injin da asuba kafin a sauya umarnin, domin za a iya kawo maka Fom 48, wato takardar gargaɗi kan saɓa umarnin kotu, daga nan sai tuhumar raina kotu, wadda ke iya kai mutum gidan gyaran hali. Wanda ya ɗaure ka shi ne zai fi saurin kwance ka. Hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, LASEPA, ta ƙayyade ƙarfin sauti kada ya wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 55 da rana da 45 da dare a unguwannin zama, saboda haka ka gina wa janaretan ɗaki, ka shimfiɗa roba a ƙarƙashin injin, sannan ka nemi dattawan unguwa su raka ka wurin maƙwabcin da tayin farawa ƙarfe shida da rabi.

Wani lauya, Obalende:
Hajiya ta yi daidai. Idan ya amince, kada ku tsaya a kan maganar baki. Lauyoyinku su rubuta sababbin sharuɗɗan, ku sa hannu, a gabatar wa kotu.