Neman shawara kan aikin gayya na gina wa marayu ɗaki

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Matasan unguwarmu muna son mu gina wa wata uwar marayu ɗaki biyu, bayan ambaliya ta rushe nata. Ta ina ya kamata mu fara?

Tsohon magini: Wa alaikumus salam, ɗana. Ku jira damina ta wuce, domin tubalin ƙasa sai da rana yake bushewa, sannan ku ɗaga harsashin da dutse da siminti, tunda ruwa daga gindi yake cin bango.

Malama: Ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda aka kafa a Amurka a 1976, tana sa masu gidan su yi aiki tare da masu sa kai. Ku bar manyan yaranta su taya ku kwaɓa ƙasa.

Dattijo: Ku fara tabbatar da mallakar filin a gaban mai unguwa.