Muhawara: Ba don Umaru Mutallab ba, da har yau babu bankin Musulunci a Najeriya?

Baban Ikram: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganata, wanda bai yarda ba ya kawo hujja: ba don Alhaji Umaru Mutallab ba, da har yanzu muna nan muna jiran bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa. Tun 1991 dokar bankuna ta ba da damar kafa bankin raba riba da asara, amma aka shekara ashirin ba a tsayar da cikakke ko ɗaya ba. Malamai suna wa'azi, attajirai suna da kuɗi. Abin da aka rasa shi ne mutumin da Babban Banki zai saurara wa idan ya yi magana. Shi kuwa akanta ne da ya yi karatu a Landan, ya riƙe kwamishinan tarayya zamanin Murtala da Obasanjo, ya shugabanci UBA daga 1978 zuwa 1988, sannan ya zama shugaban hukumar daraktocin First Bank daga 1999 zuwa 2009. Irin wannan mutum ne ya ɗauki Jaiz, cikakken bankin Musulunci na farko a Najeriya, a kansa.

Malam Na-Zariya: Wa alaikumus salam. Baban Ikram, tarihin da ka kawo daidai ne, amma hukuncin da ka yanke ya yi yawa. An kafa kamfanin Jaiz tun 2003, Mutallab yana nan da duk girmansa. Me ya hana a buɗe a lokacin? Soludo ya zama gwamnan Babban Banki a 2004 ya ce kowane banki sai ya tara jarin naira biliyan 25, maganar ta kwanta. Sai da Sanusi Lamido Sanusi ya hau kujerar Babban Banki a 2009, ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa a 2011, aka sauko da jarin bankin yanki zuwa biliyan 5, sannan lasisi ya fito. Kuma shi ya sha zagi lokacin da ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta tashi tana cewa ana so a musuluntar da ƙasa. In za a rataya wa mutum ɗaya, ni Sanusi zan rataya wa.

Baban Ikram: Malam, ka ƙarfafa min gwiwa ba ka sani ba. Daga 2003 zuwa 6 ga Janairun 2012 da aka buɗe rassa uku a Abuja da Kaduna da Kano, wa ya riƙe kamfanin bai watse ba? Mutane sun sayi hannun jari, shekara da shekaru ba banki ba riba. Wasu har sun fara cewa an cinye kuɗinsu. Da wani ne da ba a yarda da shi ba, da tuni an raba gari a kotu. Sanusi ya buɗe ƙofa, gaskiya ne, amma sai da ya tarar da wanda ke tsaye a bakinta da takardunsa a shirye. Kada ka manta ma daga First Bank Sanusin ya fito, lokacin Mutallab ne shugaban daraktoci.

Hajiya Uwani: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina kuka bar marigayi Alhaji Aminu Ɗantata da ya zuba kuɗinsa? Ina kuka bar bankin raya ƙasashen Musulmi na Jidda da ya shigo da jari? Sai kuma ƙananan masu hannun jari, malaman makaranta da 'yan kasuwa da matan aure da suka saya don lada, ba don sun ga riba a ƙasa ba. Su ba a kiran sunansu a ko'ina.

Ɗan Kwari: Ni tambayata daban ce, kuma ba raini ba ne ga dattijo. Mutum ya yi shekara ashirin a saman bankunan ruwa biyu mafiya girma a ƙasar nan. Me Arewa ta samu a wannan lokacin? Muna kallo masaƙun Kaduna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Bank of the North ya narke cikin Unity Bank bayan garambawul ɗin Soludo. Kuɗin ajiyarmu ana kwasa, bashin kuma ya tafi Legas. Sai da shekaru suka ja sannan aka tuna da mu.

Yaya Tanko: Ƙanena, na yi aikin banki har na ajiye, bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki. Shugaban daraktoci ba ya zama ya ce a ba wa wane bashi. Fayil yana tasowa ne daga reshe, ya bi kwamitin bashi, kuma abu uku ake dubawa: takardar jingina, lissafin kasuwanci da akanta ya sa wa hannu, da tarihin shige da ficen asusu. Ɗan kasuwa zai zo mana yana juya miliyoyi a mako, amma gidansa ba shi da takardar mallaka ta gwamna, lissafinsa yana cikin littafi ɗaya a aljihun yaron shago, cinikinsa duk tsaba ne hannu da hannu. Wani kuma da ka ambaci ruwa zai tashi ya kaɗe rigarsa, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Wannan na ƙarshen shi Mutallab ya gani da idonsa shekara da shekaru, kuma a ganina shi ya sa ya san inda gyaran yake. Masaƙu kuwa wuta da fasa-ƙwauri da baƙin mai suka kashe su, ba ofishin manajan banki ba.

Ɗan Kwari: Na ji, Yaya. To amma gyaran ya gyaru? A ce ina son mota ta miliyan 10. Bankin ruwa ya ba ni kuɗi in biya miliyan 13. Bankin Musulunci ya saya ya sayar min miliyan 13. Aljihuna bai ga bambanci ba.

Malam Na-Zariya: A nan kam ina tare da Baban Ikram. Aljihunka zai ga bambanci ranar da abu ya karkace. A murabaha, wato wannan saye da sayarwa da ka kwatanta, sai bankin ya mallaki motar tukuna, in ta lalace kafin ya miƙa maka asararsa ce. Farashin da kuka ƙulla ba ya motsi, ko Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa sau nawa. In ka makara, bashin ba ya haihuwa, tarar da aka ɗora ma sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Ka tambayi waɗanda suka ci bashin ruwa kafin 2023 yadda abin da suke biya duk wata ya koma.

Maman Sadik: Malam, haka yake a littafi. Amma ni abin da ke damuna shi ne kusan duk harkar ta tsaya a saye da sayarwa. Ina mudaraba, ina musharaka, inda banki zai shiga sana'a da ke a ci riba tare a yi asara tare? Ƙungiyarmu ta mata masu sarrafa shinkafa mun nemi irin wannan a wani banki, aka dawo mana da maganar jingina, irin wadda Yaya Tanko ya lissafa. Wanda aka kafa abin dominsa har yanzu yana waje.

Baban Ikram: Wannan ƙorafi ne na gaskiya, ban musa ba. Sai dai ku dubi abin da ya biyo baya. Jaiz ya sami lasisin ƙasa baki ɗaya a 2016. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, takardun zuba jari marasa ruwa, na farko na biliyan 100 a 2017 aka yi tituna da shi. TAJBank ya zo a 2019, Lotus ya biyo a 2021, kuma shi daga Legas ya taso. Abin da aka yi wa ihu a 2011 yau Kirista da Musulmi suna layi ɗaya a kanta. Sai da na farko ya rayu sannan sauran suka sami ƙarfin hali.

Hajiya Uwani: Ni abin da ya sa nake ganin girmansa ba banki ba ne ma. A 2009, da ya ga ɗansa ya kauce hanya, da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya sanar, tun kafin ɗan ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin sama mai zuwa Detroit. Uba nawa ne zai iya? Allah Ya shirya mana zuri'a.

Yaya Tanko: Amin, Hajiya. Maman Sadik, kafin ku koma wurinsu ku yi wa ƙungiyar rajista, ku buɗe asusu da sunanta, duk cinikin shinkafar ya riƙa bi ta ciki ko na wata shida ne. Ku turo min lissafin in duba muku.

Malam Na-Zariya: Baban Ikram, na yarda shi ne jagora. Kalmar "ba don shi ba" ce har yanzu ban karɓa ba. Malesiya ta buɗe nata tun 1983, Ingila ma ta riga mu. Da ya zo ko ta hannun wa, sai dai a makara.

Baban Ikram: Makarar ita ce maganar, Malam. Da lasisin bai fito kafin Sanusi ya bar kujera a 2014 ba, wane gwamnan Babban Banki kake ganin zai ɗauki wannan rigimar?