Kilishi da kauɗar tumatir suna yin funfuna a jirgin ruwa marar firji

Assalamu alaikum. Ni ke kula da abinci a wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, wanda ke zirga-zirga a Bahar Maliya tsakanin garin Sawakin na ƙasar Sudan da tsibiran da ke kudu da shi, inda babu kasuwa. Batirinmu ba ya ɗaukar firji, domin fitilu da rediyo kawai yake iya riƙewa.

Ƙwai da albasa ba su dame ni ba: ina shafa wa ƙwan Vaseline ina juya shi, albasa kuma tana rataye a raga nesa da dankali. Matsalar tana ga kayan miya da nama. Na gwada tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi, amma laimar teku ta hana ruwan bushewa, don haka tukunyar ba ta yin sanyi, tumatir kuma ya ruɓe. Da na koma ga kauɗa da kilishi, sai suka yi laushi a buhu, farar funfuna ta fito musu. A robar da na rufe kuwa, gumi ya taru a murfin, kilishin ya canza wari.

Wace hanya ce tabbatacciya ta adana busasshen abinci a irin wannan laima ba tare da lantarki ba? Na gode.