Rubutun kwalliya na katin gayyata da logo, wanne zan ɗauka?

Ummu_Nana:
Salam 'yan uwa. Ƙanwata za ta yi aure, ni aka ɗora wa katin gayyata, kuma ina son rubutun da na zaɓa in yi logon turarena da shi ma. Katin ƙarami ne, takarda mai duhu, rubutun ruwan gwal. Ina tsakanin font biyu, wato salon rubutun kwamfuta, Great Vibes da Bickham Script. Wanda ya taɓa buga irin wannan siririn rubutu da gwal a kan duhu ya faɗa min don Allah, yana fitowa kuwa?

Sadiq_Zane:
Ki ɗauki Edwardian Script kawai Anti, yana cikin Word, shi kowa ke sawa.

MamanIkram:
Allah ya sanya alheri. Ni dai farar takarda ta fi min kyau.

Baban_Khalifa:
'Yar uwa bari in ba ki labarin abin da ya same ni. Na zauna na tsara katin ɗaurin auren yayana a Word da wani font mai lanƙwasa da na sauko da shi, na tura wa mai bugawa fayil ɗin haka nan, ashe kwamfutarsa ba ta da font ɗin sai ta musanya shi da wani rubutu na takardar ofis, shi kuma bai kira ni ba bai turo samfuri ba ya buga duka. Da na yi magana sai ya ce zai gyara, ya sa nasa rubutun kwalliyar amma ya mayar da sunayen ango da amarya manyan baƙaƙe gaba ɗaya, jelar wannan ta hau kan wancan, wallahi mahaifiyarmu ta juya katin ta kasa karanta sunan ɗanta. Kuɗin bugu na biyun ma ni na biya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Hafsy:
Innalillahi. Wannan ai zalunci ne, me ya sa ka biya?

Baban_Khalifa:
Lokaci ya ƙure, ya riƙe katunan.

Malam_Kabiru:
PDF ake turawa, ko a mayar da rubutun ya zama zane kafin a tura, shi ke nan babu kwamfutar da za ta taɓa shi. Kuma irin wannan rubutu ba a yin sa da manyan baƙaƙe zalla, ba a kuma buɗa tazarar haruffa don mahaɗinsu yankewa yake. Asalinsa rubutun hannu ne da alƙalami mai tsini, Bickham ɗin nan Richard Lipton ya zana shi a 1997 daga rubutun George Bickham na Ingila a ƙarni na 18, shi ya sa layin da ke hawa sama siriri ne kamar gashi. Wannan siririn shi ke fara ɓacewa a gwal idan rubutun ya yi ƙanƙanta. Sunaye kawai ki yi da shi, rana da wuri ki sa Garamond, font ne mara lanƙwasa mai sauƙin karantawa.

Sadiq_Zane:
Bickham ai kyauta ne, ni a wani shafi na samu.

Zee_Designs:
Ba kyauta ba ne malam, na sata ka sauko da shi. Ni da kuɗina na sayi lasisinsa kuma ya yi min tsada.

Malam_Kabiru:
In kina biyan kuɗin manhajojin zane na kamfanin Adobe, Bickham yana cikin Adobe Fonts ba ƙarin komai. Great Vibes kuma yana Google Fonts, lasisinsa ya yarda da kasuwanci. Waɗanda ake samu a shafin DaFont ne da yawa na amfanin kai ne kawai, a karanta kafin a sa a kaya.

Sadiq_Zane:
Duk wannan a littafi ne Malam, mu da muke tsaye kan injin mun san me ke fitowa.

Zee_Designs:
Kai da ka ce mata Edwardian ba ka ma karanta cewa gwal za ta yi ba? Nasa layin ma ai siriri ne.

Dan_Autan_Mama:
Ku sa Comic Sans a huta, har kaka za ta karanta 😂

Ummu_Nana:
Na gode, amma maganar logon fa? A jikin ƙaramar kwalba zai zauna da hoton furofayil.

Hafsy:
Coca-Cola ma ai rubutun lanƙwasa ne kuma ana gane shi.

Zee_Designs:
Nasu mai kauri ne Hafsy, na Spencerian, wani tsohon salon rubutun hannu na Amurka, da aka ƙara wa jiki. Ni abin da ya fi ci min rai shi ne yawancin fonts ɗin nan ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka rubuta ɗaurin aure sai harafin farko ya fito da wani rubutu daban ko ɗan akwati, dole in zana ƙugiyar da hannu.

Baban_Khalifa:
Nawa ma cire ƙugiyar ya yi bai tambaye ni ba.

MamanIkram:
To ni a wayata ma ban san inda ake samun haruffan ba, wane kibod kuke amfani da shi?